Na Gan Shi Yana Tsallaka Kogi

Alhamis, 5 ga Nuwamba 1964, da hantsi

Ban je biro ba, wato ofishinmu. Su nemi wata ta buga musu takardunsu. Su nemi Balkisa, tunda yatsunta da bakinta duk gudu suke yi.

Jiya da azahar aka tafi da maigida. Ba ma a gida ba, a rumfarsa ta gyaran rediyo cikin Babbar Kasuwa, gaban kowa. Mai goron da ke kusa da shi ne ya zo ya faɗa mini. Ya ce jif ce ta tsaya, mutane suka sauko ba kaki a jikinsu, ɗaya ya ce, "Kai ne Isaka?" Ko hularsa ba su bari ya ɗauka ba. Mai goron ya kawo mini ita, sai ka ce hula na rasa.

Na san inda abin ya fito, kuma zan rubuta don kada gobe wani ya ce mini ƙaddara ce kawai.

Ni da Balkisa biro ɗaya muke, mashin ɗinta kusa da nawa, gidan haya ɗaya, bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Biro ne ya sa mu ajin Ingilishi na Litinin da Alhamis, wai yanzu mun samu ƴancin kai, baƙi za su riƙa zuwa daga ƙasashen da ba sa jin Faransanci. Mai koya mana, Mushe Sumana, wato Malam Sumana a Faransance, ya yi shekaru a Kumasi, ya dawo da Ingilishi da taurin kai. Dokarsa ɗaya ce: ba ya son jimlar littafi. Wai abin da mutum ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa shi ke zama a kai. Don haka kowa zai tashi ya faɗi gaskiyar abin da ya gani ko ya ji yana cikin wani aiki.

Ran Litinin Balkisa ta miƙe tana washe baki ta ce, "I heard Radio Ghana talking in Isaka's room while I was washing." Wai ta ji tashar Gana tana magana a ɗakin Isaka lokacin da take wanki. Mushe har da tafa mata.

Tashar Gana. A wannan lokacin da ake farautar ƴan tawayen da aka ce daga can suke shigowa, ko wanda ɗan'uwansa ya taɓa zuwa can ma ɓoyewa yake yi. Kuma ga Abdulaye zaune a bencin baya, mutumin da ba wanda ya san biron da ya turo shi, wanda har yau bai iya gaisuwa da Ingilishi ba amma bai taɓa fashin aji ba. Litinin ta faɗa, Laraba aka zo. Allah ya isa tsakanina da ita.

Alhamis, bayan magariba

Ta aiko da kwanon tuwo kamar yadda muka saba. Na mayar da shi ƙofarta ko murfin ban ɗaga ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na je ofisoshin hukuma uku nemansa. Ko'ina amsa ɗaya: ba mu san shi ba, ba ya nan, koma gida Madam. Wani mai gashin baki ya ce in na ci gaba da yawo zan sa a tuna da shi. Ban gane ko shawara ce ko barazana ba.

A kasuwa na ji wai an ɗebi wasu masu gyaran rediyo biyu a ranar, har da Haruna na bakin ƙofar ƴan atamfa. To sai me? Wataƙila su ma suna da maƙwabta masu dogon kunne.

Asabar, da safe

Ta tare ni a bakin famfo, ido jajir, wai ta yi kuka. Ta ce, "Hamsatu, ka tsaya ka ji magana ɗaya."

Haihuwar nan Yamai ce, Bazabarma, shekara da shekaru tana cikin Hausawa amma har yau "ka" take ce mini kamar wani ƙato. Da can dariya abin ke ba ni, ina tsokanarta tana ramawa da cewa mu ƴan Damagaram girman kai ya hana mu koyon Zabarmanci. Yau ji na yi kamar in kwaɗa mata bokiti.

Na ce, "Magana ɗaya kin riga kin yi ta ran Litinin. Ta ishe ni."

Ta ce wallahi yaba ni take yi, don Mushe ya san ina ƙoƙari a gida. Na ce wa ya aike ta yabona? Wa ya ce ta manna kunne a bangona? Abin da ake kunnawa a ɗakina ba ruwan kowa. Na ɗauki ruwana na wuce, rabinsa ya zube mini a zane.

Lahadi, da azahar

Na cire batir daga rediyon, na naɗe shi da tsohon zane, na tura ƙarƙashin gado.

Litinin, bayan aji

Na koma biro, na kuma je aji. In na daina zuwa za a ce akwai abin da nake ɓoyewa. Na sauya benci.

Mushe ya cika allo da bayani. Wai in ka ga abu daga farko har ƙarshe, akwai yadda ake faɗa. In kuwa tsakiyarsa ka tarar, mutum yana cikin yi kai ma kana cikin naka aikin, sai a liƙa wa aikin wutsiyar nan ta "ing", a haɗa biyun da "while". Ya yi ta maimaitawa yana buga allo da alli: na ga ya tsallaka daban, na gan shi yana tsallakawa daban. Mu da harshenmu mun san wannan tun muna goye, sai yanzu za a zo a koya mana da hanci.

Da aka zo kaina na ce na ga akuya tana cin takarda ina jiran mota. Aka yi dariya. Balkisa ba ta tashi ba, ta ce kanta ke ciwo. Yanzu ta san ciwon kai.

Da za mu fita Mushe ya rage murya ya ce, "Madam Hamsatu, na ji abin da ya faru. Ni ne na ce ku riƙa sauraron Ingilishi a rediyo, kuma na san tashar da ta fi kamawa a garin nan. Raina bai yi daɗi ba."

Na ce, "Mushe, ba kai ka tashi ka faɗa ba."

Ya ce, "Maigidan naki yana jin Ingilishi ne?"

Na ce ina sauri. Wace irin tambaya ce wannan? Maigida ko kalma ɗaya bai sani ba, shi goge da kalangu yake so, kowa ya sani. Ban ga abin da ya kawo wannan cikin maganar ba.

Laraba, da la'asar

Babu labari.

Juma'a, da safe

Sanyi ya fara saukowa daga kogi. Da riga ɗaya ya fita, mai gajeren hannu, kuma shi mutum ne da sanyi ke kama wa ƙirji. Na tashi na tarar na ajiye masa ruwan alwala a ƙofa kamar kullum. Na zubar, na zauna na yi kukana ni kaɗai, na wanke fuska kafin matar can ta fito ta gani ta ji daɗi.

Asabar, da yamma

Yau kam ta kai ni bango.

Ina shara ta leƙo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hamsatu, ka ba ni bargon Isaka. Kada ka tambaye ni, ka ba ni kawai."

Bargonsa. Mutum bai mutu ba an fara rabon kayansa. Na ce, "Ke, kin aika da mai bargon, yanzu bargon kike so? Ko takalmansa ma in haɗa miki, Dauda ya samu na zuwa lambu?"

Dauda mijinta ne, mai lambu a Gamkalley, mutum shiru-shiru kamar an ɗinke masa baki. Yana tsaye a ƙofarsu lokacin. Ya ce, "Maman gida, ki yi haƙuri, ba a tsakar gida ake wannan maganar ba. In kin yarda in shigo daga bakin ƙofa."

Na ce ɗakina ba mai shiga, an ji abin da ake son ji a cikinsa ai. Na rufe ƙofa na sa sakata. Ina jinsu suna ƙus-ƙus da Zabarmanci. Su yi ta yi, ni ba ji nake ba.

Lahadi, da hantsi

Kwanon tuwo ya sake zuwa. Wannan karon na juye wa kajin mai gidan haya a gaban idonta, na ajiye mata kwanon a ƙasa.

Ta wanke bargon mijinta, mai ratsin ja da baƙi, ta shanya a igiyar da ke daidai tagata. Wato in gani su suna da mai rufa da bargo. Na gani.

Litinin, bayan aji

Kowa ya koma faɗin abin banza. Wannan ya ga kare yana gudu yana cin abinci, wancan ya ji jariri yana kuka yana aski. Mushe ya yi fushi ya ce mu manya ne ko ƴan lakwal, yaran makaranta, ina rayuwarmu take?

Na lura da Abdulaye. Ba ya rubuta abin da ke allo. Sai in wani ya ambaci sunan mutum ko unguwa, alƙalaminsa ya motsa. Yau bai motsa ba ko sau ɗaya, ya yi ta hamma.

Talata, da azahar

Wata mata a biro ta ce waɗanda aka ɗiba ba sa gidan kaso na gari, wai suna wani gida a bakin kogi ta wajen Tondibia. Wata ta ce ƙarya ne, an yi arewa da su. Wata ta ce in yi shiru in yi ta sadaka. Kowa da bakinsa, ba mai miji a can sai ni.

Balkisa tana jinmu tana buga mashin, ta yi kuskure ta yage takarda, ta sake ta yage. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi matan, ta rufe. Gara da ta rufe.

Laraba, da safe

Na kasa zama a ɗaki, na fita da sassafe na bi bakin kogi har Gamkalley, wai in sayi ganyen salati, wato latas. Ban san me zan yi da salati ba, ni da ba na dafa komai sai ruwan zafi.

Ina cikin ciniki na ɗaga kai sai ga Dauda a tsakiyar ruwa cikin kwalekwalensa. Mutum biyu zaune a ciki sun rufe kai da mayafi, ga wani ƙunshi a tsakaninsu. Ban ga inda suka taso ba, hazon ruwa ya rufe. Amma shi ne, na san ƙeyarsa. Yana tuƙi hankali kwance, lafiyayye, ƙirji a buɗe, mutum mai gida da mata da ƴaƴa da tuwon dare.

Na tsaya ina kallonsa har mai salatin ta ce, "Baiwar Allah, za ki saya ko kallo kika zo?"

Nawa yana can ban san ko ya ci ko bai ci ba, nata yana shan iska a kogi.

Laraba, bayan magariba

Gobe akwai aji.

Alhamis, 19 ga wata, bayan aji

Mushe ya ce yana son jimla ta gaskiya, mai rai. Na ba shi.

Na tashi na gyara mayafi na ce, "I saw Dauda bringing two strangers across the river while I was buying salad at Gamkalley." Na ga Dauda yana tsallako da baƙi biyu ina sayen salati. Ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Tun da na fara ajin nan ban taɓa yin jimla mai kyau kamarta ba.

Ba wanda ya tafa. Mushe ya tsaya da alli a hannu ya ce, "Na gaba." Balkisa ta juyo ta dube ni, ba harara ba, wani irin kallo kamar ta ga na taka wuta. Ban juya baya ba, amma na ji ƙarar alƙalami a kan takarda.

Ban yi ƙarya ba. Na gan shi. Yana cikin jirgi, da mutum biyu, ni ban san su ba, wanda ban sani ba kuwa baƙo ne. Dokar Mushe na bi, kamar yadda ta bi. In faɗin abin da aka gani laifi ne, ita ta fara.

Na ci abinci yau, har na ƙara.

Juma'a, da la'asar

Ta zo ƙofata. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Hamsatu, ka san abin da ka yi? Daga tsallake ka ce. Ka san su wa ke shigowa daga tsallake yanzu."

Na ce, "Darasi na yi. Ke ma ai darasi kika yi."

Ta ce, "Ka je ka ce wa Abdulaye ba haka ka gani ba. Don Allah, don Annabi. Akwai abin da ba ka sani ba, kuma yanzu ba zan iya faɗa maka ba, don bakinka ya zama abin tsoro."

Bakina ne ya zama abin tsoro. Ji mini mata. Na ce ta ja jiki ta ba ni wuri, ina da wanki.

Lahadi, da azahar

Shiru. Kin gani, Hamsatu, ba abin da ya faru. Duk kukan munafunci ne.

Talata, da yamma

Sun je lambun Dauda da hantsi, sun tafi da shi. An ce yana cikin ban ruwa, ƙafarsa duk laka. An fasa kwalekwalen da gatari a bakin ruwa.

Na dawo daga biro na tarar da tsakar gida cike da mata, danginta, ana ta Zabarmanci da sallallami. Ba wadda ta gaishe ni. Da aka tafi da nawa mutum nawa suka zo? Ni baƙuwa ce a garin nan, dangina suna Damagaram, ni kaɗai na sha nawa. Ita ga ta nan an kewaye ta kamar amarya.

Ban yi ƙarya ba.

Laraba, da safe

Ƙaramin ɗanta ya yi ta kiran babansa tun asuba. Bangon nan ba shi da kauri ko kaɗan, ban taɓa lura ba. Komai ana ji, har motsin cokali. Ko mutum bai kasa kunne ba zai ji.

Wannan ba ya nufin sai ka tashi ka faɗa a aji.

Alhamis, bayan aji

Ba ta zo ba. Rabin ajin ma bai zo ba.

Mushe ya shigo da wani tsohon littafi mai yagaggen bango ya ce, "Daga yau kada wanda ya ƙara faɗa mini abin da ya gani. Kada wanda ya faɗa mini abin da ya ji. Ku buɗe shafin da zan faɗa, mu karanta abin da yaran Ingila suka gani a lambunsu." Muka yi ta maimaitawa a bayansa kamar aku, wai wani yaro ya ga tsuntsu yana tashi lokacin da ƙanwarsa take shan shayi.

Bai kira sunana ba har aka tashi. Ya kira kowa. Shi da ya kafa dokar, shi da ya tafa wa Balkisa, yau ni ce ba ya iya kallo. Dukansu ɗaya ne, ƙabilarsu ɗaya, dole su haɗa kai.

Abdulaye ya gaishe ni a ƙofa da Ingilishi, har da ɗaga hula. Ashe ya iya.

Asabar

Ba kwanon da ya zo. Ba na so dama.

Litinin, da azahar

Ta dawo biro. Ta rame, ɗankwali a karkace. Ta zauna ta buga aikinta, ba ta dube ni ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin ramawa, na shirya amsoshi tun a hanya. Ribon ɗin mashin ɗina ya tsinke, ta miƙo nata na ajiya ba tare da ta juyo ba, kamar yadda take yi da can. Ban karɓa ba. Ta ajiye a gefen teburina, yana nan har muka tashi.

Wannan sabon salon wulaƙanci ne, na gane shi.

Laraba, da la'asar

Matar Haruna mai rediyo ta tare ni a kasuwa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce maƙwabciyar Dauda ko? Allah ya fito da shi, Allah ya tsine wa wanda ya kai shi. Surukina tsoho ya kwanta ciwo tun ranar da aka fasa jirgin nan."

Na ce me ya haɗa surukinta da jirgin Dauda? Ta dube ni da mamaki, ta duba hagu da dama, ta ce, "Au, ba ki sani ba? Na ɗauka ke ce kan gaba." Sai wani ya matso kusa, ta saki hannuna ta shige cikin ƴan hatsi.

Mutanen garin nan ba sa gama magana. Ban da lokacin bin zancen kowa.

Alhamis

Ban je aji ba. Kaina ke ciwo.

Lahadi, da hantsi

An ce an saki mutum biyu jiya. Ba nawa a ciki.

Ba nata ma.

Talata, 8 ga Disamba, bayan azahar

Ya dawo.

Ina biro aka aiko, na fito da gudu ko takalmi ɗaya ban san inda na yar ba. Na tarar da shi zaune a bakin ƙofa don makulli yana hannuna. Ya rame, an aske masa kai, yana tari, amma shi ne, da ƙafafunsa. Na durƙusa na riƙe gwiwarsa na yi ta kuka, yana cewa, "Ya isa, Hamsatu, mutane na kallo." Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Na dafa ruwa, na yanka kaza, na fito da rigarsa ta Juma'a. Yana barci yanzu.

Ya zo da bargo a kafaɗa. Na ɗauke na ninke na sa a bayan ƙofa. Ba na son in yi maganarsa yau.

Laraba, da safe

Mai ratsin ja da baƙi ne.

Irinsa da yawa a kasuwa.

Laraba, bayan la'asar

Ya samu ƙarfin magana. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

Ya ce wani akwati ake nema, irin wanda ake aika magana da shi, wai an kai wa wani mai gyara a kasuwa. Shi ya sa aka kwashe su duka. Tambaya ɗaya aka yi ta yi musu har aka gaji. Na ce, "Ba su tambaye ka tashar da ake kamawa a gida ba?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Wace tasha? Ingilishinki na dare? Su da suke ji a ɗakin gadi don kiɗa."

Na tashi na duba tukunya, ba abin da ke kan wuta.

Ya ce a can ta wajen Tondibia aka ajiye su, ɗaki a bakin ruwa, sanyi kamar ya kashe mutum. Ya ce da ba don Dauda ba da gawarsa za a kawo mini. Ɗan yayar Dauda yana cikin masu gadi. Ta hannunsa Dauda ke shigo da dambu da fura, yana tuƙo jirgi tun daga Gamkalley yana haura ruwa, wani lokaci ya ɗauko mahaifin Haruna da wani dattijo su ma su kawo wa nasu. Shi ya kawo bargon.

Ya ce, "Na san ke kika aiko, na gane hannunki a dambun." Na ƙara masa romo. Ya ce, "Amma me ya sa kika ba da bargonsu, ba nawa ba? Ko don kada a gane?" Na ce ya sha romonsa kafin ya huce.

Ya ce, "Sai rana ɗaya abin ya yanke. Yaron ma aka ɗauke shi daga gadi. Na ce ko ruwa ne ya yi ƙarfi. Lafiya dai Dauda yake? Tun jiya ban ji muryarsa ba."

Na ce yana da bukatar hutu, kada ya cika magana.

Ita ce da laifi. Da ta faɗa mini. Baki gare ta, ta iya faɗin abin da ba a tambaye ta ba, me ya hana ta faɗin wannan? Sau nawa muna haɗuwa a famfo.

Ban yi ƙarya ba. Na gan shi a tsakiyar ruwa.

Alhamis, da hantsi

Na ce kada ya fita, iska za ta kama masa ƙirji. Na ce mutanen can ba sa son damu yanzu. Na ce ya bari sai Juma'a. Ya dube ni ya ce, "Hamsatu, taku nawa ne tsakaninmu da su? Mutum ya sayar da ransa saboda ni, in kwana biyu a gida ban ce masa sannu ba?"

Ya aiki mai gidan haya ya sayo masa goro, fari, manya. Ya sa rigar Juma'a. Ya ɗauko bargon daga bayan ƙofa, ya kakkaɓe, ya sake ninke shi da kyau, don wai nawa ninkin na gaggawa ne. Ya ce in taso mu je tare, godiyar ta mu biyu ce. Na ce ina zuwa, in gama rubutun nan.

Ina rubutu ina ganinsa ta taga yana tsallaka tsakar gida, a hankali, goro a hannu ɗaya, bargo a ɗaya. Ya tsaya a ƙofarsu. Na ji ya yi sallama, ya ce, "Dauda, ɗan'uwana, fito ka ga wanda ka ciyar."

Na ji ta ajiye taɓarya. Na ji yaron ya rugo ƙofa yana kiran baba.

Bangon nan ba shi da kauri. Duk abin da za ta faɗa masa zan ji.